Ƙaho a Kan Hantar Ya'u

Litinin, 3 ga Maris, 1986

An dawo da Ya'u daga asibiti, ciki kamar tulu. Ɗana ke nan guda da ya rage. Wai jini ya daskare a babbar jijiyar da ke shiga hanta, sanadin ruɓewar hanjin nan ta bara. Su suka farke shi, su suka ɓata shi, yanzu sun ba shi ƙwaya wai ta tsinka jinin. Matarsa Barira ta ce, "Baba, likita ya ce ko ƙwarzane kada ya samu." Ni za a koya wa jini? Tun ba a haifi uban likitan ba nake wanzanci a Ƙofar Gayan.

Alhamis, 6 ga Maris

Mataccen jini ƙaho ke fitar da shi, kowa ya sani. Barira ta ɓoye mini zabira. Na ɓalle ƙyauren ɗakinta, na fasa randa. Ta kawo.

Asabar, 8 ga Maris

Barira ta tafi barka. Na kafa wa Ya'u ƙaho a haƙarƙarinsa na dama. Ya ce, "Baba, a bari." Na danne shi da gwiwa na tsaga. Jini ya ƙi tsayawa. Toka, auduga, har rawanina. Tabarma ta jiƙe. Ƙanena Inuwa ya shigo, ya shaƙe ni ya haɗa da bango. "Yaya, yanka shi za ka yi?" Na fasa masa baki da ƙahon. A amalanke aka tura Ya'u bakin titi, mota ba ta shiga lungunmu.

Lahadi, 9 ga Maris

An ƙara masa jini. Na Inuwa. Nawa wai ya tsufa.

Laraba, 12 ga Maris

Barira tana dire mini tuwo, ba gaisuwa. 'Yar da ni na yi wa kakanta kaciya.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya'u ya dawo da ransa. Cikin ya ɗan saɓe. Yana shan ƙwayarsu bayan la'asar. In na shiga sai ya juya fuska bango.

Ɗazu Garba mai goro ya kawo ɗansa, shi ma ciki a kumbure, wai in kafa masa ƙaho. Na ce hannuna na rawa, ya je wurin Inuwa ya nuna masa hanyar asibiti.

Hannun ba ya rawa. Rana ce dai ta yi zafi.