Na Koyi "See" Huɗu, Idona Bai Buɗe Ba

Zuwa ga Mai Girma Mudirin Asibitin Ido na unguwarmu, Shisha, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Hajara, mai koyar da mata karatun Alƙur'ani a gida, wadda yanar ido ta rufe wa idon dama. Tun Muharram nake zarya a asibitinku. Ba a yi mini aiki ba tukuna, amma kada in ci haƙƙinku: kun koya mini Turanci, ni da allo kaɗai na yi. Kalma ɗaya ce, "see". Maƙwabciyata Malama Rabi, mai raka ni tana yi mini tafinta, ta ce asalin ma'anarta gani. Na ce to, na zo gidan da ya dace.

Na ɗaya, ma'aikaciyar jinya ta ce likita zai "see" ɗina. Ashe wannan ganawa ce. Mun kuwa gana, sai dai kwamfutarsa ya yi ta kallo har na fita.

Na biyu, na faɗa masa fataha da kisira sun zama ɗaya a idona, har ɗalibata ta gyara mini wasali. Ya ce "I see". Rabi ta ce wai ya fahimta. Alhamdu lillahi, ko ba komai ɗayanmu yana gani.

Na uku, na tambayi ranar aiki, ya ce "we'll see". Wannan kam ban nemi tafinta ba. Mu ma muna da "za mu gani", mun san abin da ake binnewa da ita.

Na huɗu, "see you", a bakin ƙofa, da murmushi. Ita kaɗai kuka cika: zuwana biyar, duk kun gan ni. Ni ce dai har yau ban san kamanninku ba.

Ranka ya daɗe, ban zargi kowa da mugunta ba, Allah na gani. Amma ga Sha'aban ya kama. Ban taɓa fashin saukar azumi daga mus'hafina ba, kuma ba zan ci gaba da karantar da matan mutane bisa zato ba; amana ce. Roƙona a rubuta mini ranar aiki a takarda, da manyan baƙaƙe. In ba zai yiwu ba, a faɗa mini da Larabci, in nemi wani wurin.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya bar maka idanunka biyu ka karanta wannan da kanka. Ni kam, Rabi ce ta rubuta mini.

Wassalam.

Hajara, Shisha.