Batirin ya kumbura, muryar mahaifina tana ciki

Zuwa ga Doña Eulalia,

Ina roƙon taimakonki, ko da yake ban saba kai kukana jarida ba. Mahaifina ya rasu a watan Fabrairu, bayan shekara talatin yana haƙar kuza. Da numfashi ya fara gagararsa, ya naɗi waƙoƙinsa goma sha ɗaya a wata 'yar na'urar sauraren kiɗa, yana kaɗa ƙaramar garayarsa, charango. Babu kwafinsu ko'ina.

Mahaifiyata ta ba ni ajiyar na'urar saboda ni na yi jami'a. “Injiniyan gidanmu” take kirana, alhali tarihi nake koyarwa. Gudun kada caji ya ƙare, na bar ta jone da wuta wata bakwai, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Na sa bakin wuƙa zan ciro shi, na ji wani abu ya tsinke. Tun daga nan ba ta sake kunnuwa ba.

Saura kwana tara a kai ɗaya ga Nuwamba, ranar da a al'adarmu rayukan mamata ke zuwa gida da tsakar rana, wannan kuwa zuwansa na farko ne. An ba da aikin burodin da za a jera masa a tebur, an gayyaci abokan aikinsa. Mahaifiyata ta ce da muryarsa za a tarbe shi. Jiya ƙanwata Nélida ta tsokane ni, wai ko malam ya sayar da na'urar ne ya sayi nakatai na ɗaurawa a wuya. Na yi dariya kawai.

In ci gaba da shiru, ko in faɗa wa mahaifiyata?

Mai ɓoye suna, Oruro

Ɗana,

Ajiye wuƙar. Batirin da ya kumbura yana iya kama wuta, kada ka huda shi, kada ka sake jona shi. Gobe da safe kai na'urar wurin ƙwararren mai gyaran waya, ka tsaya a kansa. Ka ce ya fara ƙoƙarin kwafe waƙoƙin kafin maganar sabon batiri. Mai yiwuwa siririyar waya ka tsinke, waƙoƙin suna nan. Tabbas kuwa ba zan ba ka ba.

Na fahimci shirunka, tausayin mahaifiyarka ne, amma da kunya a ciki. Idan ta ji yau, za ta yi fushi, ta samu kwana tara na shiri. Idan sai ranar ta ji, a gaban baƙi za ta ji, burodi a jere, ƙofa a buɗe. Faɗa mata kafin ka je wurin mai gyara, ba bayan ka ji sakamako ba. Mijinta ne kafin ya zama mahaifinka.

Allah ya sa a dace, ya sanyaya muku zuciya.

Eulalia