Sawun Taya a Cikin Furanni

Al Gharrafa, Doha
Asabar, 8 ga Fabrairu

Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Mufeeda. Yaya tarin nata, ya sake ta? Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki ce na ce ta bar zuwa rijiya da kanta.

A takarda na rubuta na ɗauko miki hotonta, domin mu huɗu ne a ɗaki kuma kowa kunnensa a tsaye yake. Wannan magana ba ta saƙon murya ba ce.

Na ga murnar da kika yi da hotunan furannin jiya. To ki ji yadda aka same su. Tun da kika ce kin gaji da ɗinka fure iri ɗaya a zanen gado, kina son sabon samfur, nake ta dube-dube. Na bakin titin Doha ban ɗauka ba, da tiyo ake raya su, sai ka ce na roba. Bawah, abokina ɗan Kumasi mai gadi a Lusail, shi ya ce in an yi ruwa jejin arewa yana fure. Na ce masa ƙarya yake, ƙasar da ko tafasa ba ta fitowa.

Jiya Juma'a kafil, wato maigidan da nake wa tuƙi, ya ba ni mota in kai wanki. Na biya na ɗauki Bawah muka miƙa arewa. Mun sauka daga kwalta muka yi ta bulayi, ba komai sai duwatsu da kashin raƙuma. Har na fara masa masifa, sai ga wani kwari kamar fadama, rauda suke ce masa. Ruƙayyatu, kore shar, furanni ƙanana rawaya da farare da masu ruwan hoda, iska na kaɗa su. Wata bakwai rabona da ƙamshin ciyawa.

A nan na yi wautar. Na kutsa da motar har tsakiya, don in jingina da ita a ɗauke ni, ku gani a Malumfashi. A gida ai jeji jeji ne, wa ya taɓa neman izinin taka ciyawa?

Muna cikin ɗauka sai ga wani tsoho mai kiwon raƙuma, baƙi kamata, yana ɗaga sanda yana Larabci yana nuna tayoyi. Kin san bakina. Na ce masa tsohon banza, jejin na ubansa ne? Na ƙara da wata da ta taɓa mahaifiyarsa, wadda ba zan rubuta miki ba. Duk da Hausa, tunda ba ji zai yi ba. Ya dube ni, ya ciro waya ya ɗauki lambar motar, ya juya.

Sai a hanya Bawah ya bincika a wayarsa. Ashe shiga rauda da mota laifi ne a nan, har motar sukan kama. Da muka iso kwalta ga allo nan da hoton mota an ja mata jan layi. Ni da na koya wa kaina karatu da jaridar ƙunshin ƙosai, ni da ba na wuce allo ban karanta ba, wannan ɗin na wuce.

Motar da sunan kafil take. In saƙon hukuma ya zo, wayarsa zai faɗa. Kada ki gaya wa kowa. Ki yi min addu'a.

Naki,
Garzali

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ruƙayyatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗi da tarin Mufeeda ya yi sauƙi.

Yanzu-yanzu ki cire hoton nan mai mota daga wayarki, kuma ki ce wa yayanki Zulkiflu ya goge wanda ya watsa. Wa ya aike shi? Lambar motar ɓaro-ɓaro a ciki, shi kuma ya rubuta wai surukinsa yana shan iska a Qatar. Iskar lafiya!

Ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Kwana biyar ke nan abinci ba ya wuce min. Wayar kafil in ta yi ƙara a bayan mota sai in kasa kunne in ji ko saƙon ne. Shekaranjiya na kai mahaifiyarsa asibiti, saura kaɗan in wuce jar wuta don ina kallon wata motar 'yan sanda ta madubi. Tsohuwar ta tambaye ni ko ba ni da lafiya, ta miƙo min dabino. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Ba kamun motar nake tsoro ba. Wanki aka aike ni, na tafi jeji. Mutumin nan bai taɓa ɗaga min murya ba, amma direban da na gada, a kan ƙarya guda ɗaya ya sallame shi. Sau biyu ina tsayawa a ƙofar falonsa in faɗa da bakina, sai in juya.

Bawah ya ce wataƙila tsohon barazana kawai ya yi, mu koma mu ba shi haƙuri kafin ya tura wa hukuma hoton. Jibi za mu, a tasin wani ɗan garinsu. Na haddace kalmomin ban haƙuri guda uku da Larabci, ina ta maimaitawa kamar ɗan makaranta.

Ki shafa min kan Mufeeda.

Mijinki,
Garzali

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Inna, yaya 'yata? Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Mun je. Muka bar tasin a kwalta muka taka da ƙafa. Sawun tayata na nan, layi biyu tun daga bakin raudar har tsakiya, furannin sun kwanta sun bushe a ciki. Tsohon yana gefe da raƙumansa. Na durƙusa na fara Larabcina, sai ya ce min sannu da zuwa, yaya gajiya. Da Hausa, Ruƙayyatu. Hausa irin ta kakata.

Ɗan Sudan ne. Kakanninsa daga ƙasar Katsina suka tashi da ƙafa za su hajji, suka zauna a hanya. Duk abin da na faɗa ranar nan ya ji, har na mahaifiyarsa, wadda ta rasu bara bai samu zuwa jana'iza ba. Ya ce shi da ya taho gaya min zai yi in fita kafin masu sintiri su zo, don ya gane baƙo ne ni. Da ya ji bakina, a ranar ya tura hoton, kuma abin da aka tura ba ya dawowa. Ya ce ya yafe min. Ya zuba mana shayi da nonon raƙumi, na sha.

Da na dawo na shiga falon kafil na faɗi komai. Ya bar ni har na gama, sannan ya nuna min wayarsa. Tun Alhamis saƙon ya zo, jira yake ya ga ko zan faɗa. Ya ce motar zai ji da ita, amma mahaifiyarsa ba za ta ƙara shiga motar wanda aka aika gabas ya yi arewa ba. Ya karɓi makulli ya ce khalas, wato aikina ya ƙare.

Jirgina ranar Alhamis ne daga filin jirgin Hamad, in sauka Kano Juma'a. Ki faɗa wa Inna da bakinki kafin ta ji a waje, kuma ki faɗi gaskiya, kada ki ce kwangila ce ta ƙare. Babanki ni zan je in same shi.

Abu ɗaya nake roƙo. In na yi sallama a zaure, ke ki fara fitowa.

Naki har kullum,
Garzali