Numfashin Ramuwa

Litinin, 3 ga Maris
Mai Turare, mataimakin shugaban makarantarmu, ya ƙwace mini ajin ƙarshe. A gaban malamai ya ce wai na fara mantuwa, a mayar da ni kan ƙananan yara "in huta". Na miƙe zan wanke shi tas, sai ƙirjina ya hau dukan tara-tara, muryata ta yi rawa, hawaye ya kunyata ni. Har ruwa ya miƙo mini, munafuki.

Alhamis, 6 ga Maris
Ƙanwata, wadda take aikin jinya, ta auna jinina ta riƙe baki. "Yaya, wannan hucin zai kai ki ƙasa kafin ki kai shi." Ta koya mini wani abu: in ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, in sake ta sannu, fitar ta fi shigar tsawo. Wai a fitar ne zuciya take sassautawa. Na ce ni ba sassauci nake nema ba. Ta ce, "To ki koya don muryarki ta tsaya ranar taron malamai mai zuwa." Nan ta kama ni.

Asabar, 8 ga Maris
Na yi a kicin. Jiri kawai. Shirme.

Talata, 11 ga Maris
Na san abin da zan soki Mai Turare da shi. Bara ya zo har teburina yana murza hannu, wai in ƙara wa ɗansa maki, na ƙi. Tushen gabar ke nan. Zan faɗa a gaban kowa, dalla-dalla. Ina so in ga turaren nan ya koma gumi. Na tsane shi, kuma ina jin daɗin tsanar.

Lahadi, 16 ga Maris
Kullum ina yi yanzu, kafin in shiga aji da bayan an tashi. Na sa yatsa a wuya na ji bugun yana ja da baya in na saki iskar. Maigidan ya ce na daina buga murfin tukunya. Shi bai san wasa wuƙa nake yi ba.

Laraba, 19 ga Maris
Taro. Na miƙe, na ja dogon numfashi, na sake shi a hankali don in saita murya. Shugaba ya ɗauka ajiyar zuciya ce, ya yi caraf ya ce, "Madalla, Malama ta huce." Huce? Ni? Na nemi ajina da murya tsayayya, na kawo hujja bayan hujja, ba wanda ya yi tari. An ce zan koma. Da na zo kan maganar makin, sai fuskar ɗan nasa ta faɗo mini, shi da za a yi ta nunawa da baki har ya gama makaranta. Na ji kaina ina cewa, "Shi ke nan abin da zan faɗa." Mai Turare ya kasa ɗaga kai.

Juma'a, 21 ga Maris
Ban yafe ba, kada ma a yi zaton haka. Ajiye maganar na yi don wata rana. Sai dai yau mun yi kaciɓis a ƙofar ofis, ya ce, "Malama, ina kwana," na amsa har da tambayar iyali. Sai da na kai aji na tuna cewa muna gaba.