Inna a Ƙofar Benen da Ka Zaɓa Mata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yan biyunku. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a nemanku, ya raya mana yaran. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Baban yara ya warke daga ciwon bayan nan har ya koma shago. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana gida tana jiran sakamako tana ƙarar mana da abinci. Kawu yana nan yadda ka san shi, kunne ya ƙara nauyi, baki kuwa bai rage komai ba. Gwiwar Inna da sauƙi, kuma a kan Inna ne na zauna rubuta maka. Na ɗauki waya zan kira ka na fasa, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba, ga matarka a kusa. A takarda aƙalla ina iya ajiye biro in sha ruwa in dawo.

Auta, raina a ɓace yake da kai, irin ɓacin da ban taɓa yi ba tun ina goya ka a baya. Ka zo hutu, ko gajiya ba ka gama saukewa ba ka ɗauki jaka ka ce za ka zaga ka ga yadda birane suka ci gaba. Ka je birnin bakin ruwa, ka je babban birni, ka cika mana waya da hotuna: ga ka a gaban gilashi, ga ka da kofin shayi, ga ka kana nuna sama da yatsa. Muka yi ta dariya muna sa maka albarka, mun ɗauka yawon buɗe ido ne. Ashe kai zaɓe kake yi, kana duba inda za ka kai uwarmu ka ajiye. Ban san komai ba sai ranar da na shigo da cefane na tarar da wani dillali a tsakar gida da igiyar awo, yana tattaka mata shuka, ita kuma har ta ba shi ruwa da wurin zama. Na tambaye shi lafiya, ya ce ai ɗan gidan da ke waje ne ya ce a nemo mai saye, tsohuwa za ta koma babban birni. Ni da nake kwana a kanta in ta yi zazzaɓi, ni da nake yanke mata farce, daga bakin dillali zan ji! Da na tsare Kawu sai ya fara sosa ƙeya, ya ce kai ka ce kada a gaya mini sai an gama, wai ni gardama gare ni.

Ka tuna abin da ka ce da na kira ka ranar. Ka ce tsakiyar garinmu ta mutu, ba komai sai kwata da hayaniya. Ka ce ta birnin bakin ruwa akwai iska da kwanciyar hankali, ta babban birni kuwa ta fi duka, ga asibiti kusa, ga tsabta, har ka riga ka kama mata gida a bene mai lifta. Sannan ka ƙara da cewa ni ban taɓa fita ko'ina ba, shi ya sa nake ganin nan ne ƙarshen duniya. Wannan kalmar ta yi mini ciwo. Ban fita ba ne don dole wani ya zauna, kai ka samu ka fita. Na je na tambayi Inna abin da take so, ta ce duk yadda Auta ya gani. Shi ke nan na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na ɗauki uwata da sandarta da jakar magungunanta, na ce mu je mu gani da idonmu, mu taka da ƙafarmu.

Mun fara da birnin bakin ruwa, tunda a hanya yake. Ba zan ɓoye gaskiya ba, tsakiyarsa tana da kyau. Mun zauna da la'asar iska na kaɗawa, jiragen masunta na dawowa, Inna ta ci kifi har tana lasar yatsa, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Washegari maɓallin rigarta ya tsinke, muka fita neman allura da zare. Mun bi babban titin daga wannan kai zuwa wancan: shagon tsaraba, gidan abinci, mai ɗaukar hoto, otal, sai kuma wani shagon tsaraba. Babu mai allura, babu mai sabulu, babu mai kayan miya. Wata mai sharar otal ce ta ce mana kada mu wahalar da kanmu, su kansu ba nan suke kwana ba, motar safe ke kawo su daga bayan gari ta yamma ta kwashe su. Wuri ne da aka share aka gyara don baƙo ya zo ya yi hoto ya tafi, kai kuwa baƙo ne, dole ya burge ka. Kafin mu bar garin danshi ya kumbura mata gwiwa kamar an hura.

Sai babban birni, gwaninka. Tituna masu faɗi, gilashi har sama, ko tsinke ba ka gani a ƙasa. Asibitin kam ka yi gaskiya, likitan ya duba ta da kyau, ya sauya mata magani, shi ne ma sauƙin da na ce maka ta samu. Amma kai ranar aiki ka ga wurin, da rana tsaka, ma'aikata sun cika ko'ina. Da an tashi daga ofis sai a watse, ranar hutu kuwa har ƙarar takalminka kake ji. Fitilar tsallaka titi ba ta san tsoho ba, Inna ba ta kai rabi ba ta sauya, motoci suka hau yi mana ham, ni kuma na ɗaga hannu a tsakiyar kwalta kamar 'yar sanda. Liftar da kake taƙama da ita ranar da muka iso ta yi aiki, washegari aka manna takarda wai ana gyara. Na ja uwata hawa bayan hawa, tana zama a matakala tana haki, tana ce mini ba komai. Tagar ɗakin ba ta buɗuwa. Babu inda za a shanya ko ɗankwali. Ta tambayi mai kula da ginin inda za ta ajiye keken ɗinkinta, ya ce ba a yarda da abin da ke ƙara ba. Ta gai da wata maƙwabciya a baranda, matar ta dube ta sama da ƙasa ta ƙara riƙe jakarta.

Duk wannan da na haɗiye. Ga abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Wata safiya na tafi asibiti karɓo mata sabon maganin, na tarar da layi, na daɗe. Ita kuma zaman ɗaki ya ishe ta, ta ji an gyara lifta, ta ce bari ta sauka ta ga mutane ta sha hantsi. Ba ta san ƙofar ginin tana rufe kanta ba, kuma ba ta buɗuwa sai da kati, katin kuwa yana jakata. Wayarta tana sama. Maigadin da ya san mu ya tashi, wani sabo ya karɓe shi. Ta ce masa a nan take zaune, ya tambayi lambar ɗaki, ba ta riƙe ba. Ta ce ɗanta ne ya kama gidan, ya ce wane ne, ta ce Auta. Ya yi dariya ya ce kullum sai an zo musu da irin wannan labari, ta matsa daga bakin ƙofa don masu gidan ba sa so. Ta matsa. Ta je ta zauna a gefen dakalin furanni, ta jingine sandarta, rana ta buɗe a kanta. Ina saukowa daga tasi na hango wani mai kwat ya zo wucewa, ko kallonta bai yi ba, ya jefa mata tsabar kuɗi a cinya. Da na ƙaraso na ga ba shi ne na farko ba.

Uwarka ce fa, Auta. Matar da rabin matan unguwarmu a hannunta suka koyi ɗinki. Matar da ba a taɓa sauke tukunya a gidanta ba a fitar da kwanon wani ba. Tana zaune ta dunƙule hannuwanta cikin mayafi don kada ma su taɓa abin, idonta a ƙasa. Abin da na faɗa wa maigadin nan Allah ya yafe mini, har mutane suka fara tsayawa. Bawan Allah ya yi ta ba da haƙuri yana rantsuwa, kuma ina cikin zazzaga masa na san ba shi nake yi wa ba, shi aikinsa aka ba shi. Inna ta dafa sanda ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, tsabar ta zube tana gangarawa a kan siminti, ba ta waiwaya ba.

Da muka hau sama na ba ta ruwa, abu na farko da ta ce shi ne kada in gaya maka, za ka ji ba daɗi, kai alheri ka nufa. A nan na kasa daurewa, na tambaye ta me ya sa tun farko ta yarda, alhali na san ko kasuwa ta je sai ta ƙosa ta dawo gida. Ta ce ai ka gaya mata gidan yana kusa da filin jirgi, kuma ɗaki biyu ne. Ita a tunaninta ɗayan naka ne. Ashe tun da muka zo kullum sai ta share shi, har ta zaɓi ɓangaren da gadon 'yan biyu zai zauna, nesa da taga. Ni ce na buɗe baki na gaya mata abin da ka faɗa mini a waya, cewa ɗakin na mai aikin da za a ɗauka ta riƙa kula da ita ne. Wannan aikin ma ni ka bar wa. Ta ce to, ta tambaye ni ƙarfe nawa motar safe ta komawa gida take tashi.

Yanzu bari in gaya maka yadda tsakiyar garinmu take, wadda ka ce ta mutu. Kwatar tana nan, ba ta daina wari ba. Masu janareta da masu walda ba sa barin kowa ya yi barcin rana, in an yi ruwa sai ka naɗe wando. Ban ce aljanna ce ba. Amma muna sauka a tasha, mai kemis ya bar kantinsa a buɗe ya zo ya karɓi jakarta. Mai burodi ya ɗaga murya daga tsallake yana tambayar ina ta shiga ta bar shi da bakin Kawu. Kafin mu kai gida tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba ta cinye mana hantsi, don kowane shago sai an tsayar da ita. A titin nan ko atishawa ta yi, kafin ta goge hanci labari ya iske ni a aji. Ka zauna kana jera birane kana ba su maki, wane ya fi tsabta, wane ya fi tsayin gini, ba ka taɓa tambayar a wanne ne aka san sunanta ba.

Ga abin da na yi, kuma ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake. Na mayar da makulli da kati ga mai kula da ginin, sauran magana tsakaninku ne. Na gaya wa dillalin cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne muddin Inna na numfashi. Likita ya ce ta riƙa zuwa ana dubawa lokaci-lokaci, zan riƙa kai ta mu kwana ɗaya mu dawo, baban yara ya yarda. In kana son sa hannu, a gyara mata banɗaki a sa ƙarfen dafawa, a daidaita matakalar ƙofar gida. In kuwa abin da ke damunka shi ne kana nesa zuciyarka ba ta kwanta ba, to ka sani ba bene ne maganinsa ba. Ka zo da yaran ka zauna, ka ajiye jakar yawo, ka bar ta ta gaji da ganinka. Kafin nan ka kira ta, kada ka nuna ka san abin da ya faru, ka tambaye ta me take so, kuma ka yi shiru har ta gama ba ka amsa. Na san kana son ta, ban taɓa shakka ba. Amma ka yi mana ba daidai ba, ni da ita, kuma ba zan ce ya wuce ba alhali bai wuce ba.

Ka gai da matarka da kyau, ka ce ba da ita nake ba. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Baban yara yana gaishe ka, haka Goggo da Kawu, wanda har yau in ya hango ni sai ya sauya hanya. Yara duk suna gaida kawunsu. Inna ta ga ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa, na ce kai. Ta ce in gaya maka garin ya yi kyau ƙwarai, gidan ma ya yi kyau, ta gode, Allah ya yi maka albarka. To, na gaya maka.

Wassalam.

Ni ce yayarka, wadda har yanzu ba ta huce ba.