Sunana a Shafin Farko

Zuwa ga Hajara, uwar Issufu,

Gaisuwa da fatan kina kwance cikin rahama. Na san ba za ki karanta ba. Ko da kina nan ma, rubutuna na yaƙi da jahilci sai mai haƙuri.

Garinmu Guci lafiya. Tun farin nan gyaɗa ta yi mana yaji, kowa ya koma wake. Ɗanki kuwa ya gama karatun Faransa, yanzu shi ke karantarwa a iniversite ta Yamai. Fanninsa cinikin ƙasa da ƙasa: me ya sa mu ke noma gyaɗa, wasu can ƙetaren teku su ke yanka mata farashi. Shekara bakwai ya yi yana bincike, ya gano kaya na bin inda kasuwa ta fi daɗi. Jakina ma ya san wannan, shi ya sa kullum kansa ke fuskantar kasuwar Babura.

Ya zo da littafinsa, kauri kamar tubali. A shafin farko ya sa sunana, wai godiya ga uban da ya kai shi lakwal, makarantar boko. Ya karanta mini gaban mutane, na yi ta gyara hula.

Hajara, ke kin san gaskiya. Ranar da aka zo ɗaukar yara, ni na cusa shi cikin rumbu na rufe, don kada in rasa mai taya ni noma. Ke kika nuna wa mushe, malamin lakwal, rumbun da haɓa. Wata guda ban ci tuwonki da fara'a ba. Na taɓa ce miki kin yi daidai? Ban taɓa ba.

Kwana uku sunan nan yana tsaya mini a wuya. Da zai koma, na raka shi tasha, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da hawaye. Ashe bai manta ba, shekararsa bakwai lokacin, har ƙaiƙayin gero yana tunawa. Ya ce ke kika sa shi alkawari, kina jinyar ƙarshe, kada ya taɓa kunyata ni da zancen.

To wa ya roƙe ki? Kin yi daidai, kin kuma bar mini yabon in yi ta yawo da shi.

Ya ce in za a sake buga littafin, sunanki zai hau sama. Na ce nawa ya zauna a ƙasa, can ya dace.

Allah ya kai haske kabarinki.

Naki, mai rumbu,
Ilu