Diyodoros Ya Dawo Taro

Zuwa ga yayata Ammiya, a Roma.

Alheri da salama su tabbata a gare ki daga wurin Allah Ubanmu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi. Mu nan Amastiris da sauƙi. Tarin Inna ya lafa, sai ciwon ƙafa. Ni ina nan bakin teku ina ɗinkin taru, yatsu duk sun tsage, ki yi haƙuri da rubutun.

Yaya, Diyodoros ya dawo. Mai sayar da kifin gishirin nan, wanda ya ƙona turare gaban gunkin Kaisar, ya kuma ba gwamna sunan Baba cewa mai bin Almasihu ne. Shekara biyu ke nan da kashe Baba. Wata bakwai yana tsayuwa a ƙofar gidan Dattijo Attalos, inda muke taro, duk Lahadi, ba mai ko kallonsa. Makon jiya Dattijo ya kamo hannunsa ya shigo da shi, ya zaunar da shi kusa da ni. Inna ta ɗaga murya, wai a buɗe taga, wari ya shigo. Dattijo ya ce mata shi ma abin ya daɗe yana cinsa, amma alheri ba lada ba ne, wanda bai cancanta ba shi ake ba, in ba haka ba da shi kansa yana waje. Ta ce to ya ba shi nasa, ita nata ya ƙare tun ranar da ta wanke gawar Baba.

Kin san kafin a gutsuttsura gurasa, kowa sai ya juya ya yi wa na kusa da shi gaisuwar "alheri da salama", ya sumbace shi. Na juya. Ya rame ƙwarai. Na faɗa, na sumbace shi, amma zuciyata ba ta bi bakina ba. Tun ina ƙarami nake wannan gaisuwa, ban taɓa sanin tana da nauyi haka ba. Na koma gida a gajiye kamar na ja jirgi ni kaɗai.

A ranar ce kuma aka karanta wasiƙarki a taro. Da mai karatu ya kai inda kika ce alheri da salama ga dukanku, ba wanda ya ɗaga kai. Diyodoros ya rufe fuska da hannun riga. Inna ta ce ai don ba ki sani ba ne. To, yanzu kin sani. In kika sake rubuta "dukanku", a gabansa za a karanta, Inna na zaune. In kika cire, shi ma zai lura. Ba zan zaɓa miki ba, Yaya. Ni dai Lahadi mai zuwa ma kusa da ni zai zauna.

Ki gaida maigidanki Rufos, da Tatiya da auta Zenon. Inna da Goggo Nonna suna gaishe ku da kyau.

Ƙanenki,
Zotikos